Diyyar Gonar da Ruwa Ya Ci

Tun da aka gyara tsarin mulkin Nijeriya a shekarar 2023, aka kuma sanya hannu a kan sabuwar dokar lantarki wadda ta ba kowace jiha ikon ta samar da wutarta, ta rarraba ta, ta sayar da ita a cikin iyakokinta, hankalin mahukunta da na attajirai ya sake komawa kan madatsun ruwa, waɗanda Allah ya hore wa Kano su fiye da galibin jihohin ƙasar nan. A Tiga an kafa injinan da aka ƙiyasta za su ba da megawat 10, a Challawa an tsara na megawat 6, aikin da aka faro tun zamanin mulkin Kwankwaso na biyu. Kuma duk wanda ya ga masana'antun Sharaɗa da na Bompai a rufe saboda rashin wuta, ko ya ga tela zaune gaban kekensa tun hantsi har la'asar yana jiran a kawo ta, ba zai ƙi wannan niyya ba. Ni ma ban ƙi ta ba. Amma akwai wata mas'ala da ta rataya a wuyan kowace madatsa tun daga ranar da aka kafa tubalinta, wadda ba a warware ta a jiya ba, ba kuwa na ganin alamar ana shirin warware ta a yau, ita ce mas'alar mutumin da ruwa ya ci gonarsa, da abin da al'umma ta biya shi, da abin da ya kamata a ce ta biya.

Wanda bai san arewacin Kano ba, watau daga Ungogo da Minjibir da Gezawa, ka bi ta Dawakin Tofa da Bichi, har ka dangana da Dambatta da Makoɗa da Kunchi, zai iya ɗauka cewa ƙasa a nan kamar ƙasa take a ko'ina, in an ɗauke wa mutum wannan fili sai a nuna masa wancan. To, ba haka al'amarin yake ba. A nan gona manne take da gona, ba daji a tsakani, ba saura, sai 'yar iyaka ta gamba ko ta lalle, da turbar da jaki ɗaya zai wuce da kayansa. Kuma tun a shekarun 1960, sa'ad da Bature masanin ƙasa Michael Mortimore ya auna karkarar da ke kewaye da birni, ya iske fiye da kashi 80 cikin ɗari nata ana nome shi kowace damina ba hutu, alhali jama'ar wancan lokaci ba su kai rabin na yanzu ba. Ƙasar kuwa jigawa ce, rairayi mai saurin gajiya, wanda in an bar shi da halinsa shekara uku ba zai ba da damin kirki ba. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Da zarar an gama ɗibar amfani iska ta juya, sai ka ga jakuna jere a hanya kowanne da mangala cike da toka da sharar gida da kashin awaki, waɗansu tun daga jujin birni, ana zubewa tsibi-tsibi a gona, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, a bar su har ruwan shuka ya kusa sa'an nan a baje. Duk tsawon damina awaki da tumaki na ɗaure a turke, yara na yanko musu ciyawa, domin kada su yi ɓarna, domin kuma kada ko ƙwayar kashinsu ɗaya ta faɗi inda ba za a kwashe ta ba. Ga gawo a tsakiyar gona, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya fitar da shi da rani ya tara dabbobi a inuwarsa su taka wurin. Bilhasali, Allah ne ya halicci wannan ƙasa, amma albarkar da ke cikin tafin hannu biyu na samanta ya gudanar da ita ne ta hannun bayinsa, uba bayan kaka, ɗa bayan uba, shekaru ɗaruruwa.

Yanzu sai mu dubi abin da doka ta ce game da wannan wahala. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta mai da mai gona mai izinin zama kawai. Ko da yake mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, tun da shelar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun share mata hanya. Dokar ta ba gwamna ikon ya soke wannan izini in maslahar jama'a ta buƙata, ta ce a biya diyya, amma ba diyyar ƙasar ba, sai ta abin da aka ɗora a kanta wanda bai ƙare ba: gini, da rijiya, da shinge, da itatuwan da aka dasa, da shukar da ke tsaye a ranar da aka zo. Sa'an nan, a wurin da take fassara kalmominta, ta fitar da sakamakon noman yau da kullum daga cikin abin da za a biya, in ban da amfanin da ke tsaye. Ma'anar wannan ita ce duk takin da aka zuba tun zamanin Sarki Alwali, duk huɗa da firi da maimai da suka mai da rairayi ƙasar noma, a idon doka ba su da ƙima ko ta anini. Kuma in mai gona ya ga abin da aka yanka masa bai yi ba, dokar ta tura ƙararsa ga wani kwamiti wanda gwamnan da ya karɓe gonar shi ne ya naɗa shi. An kuma cusa wannan doka a cikin tsarin mulki, har ya zama gyara ta sai an bi doguwar hanyar da ake bi a gyara tsarin mulkin kansa.

Duk wanda ya taɓa halartar ranar ƙidaya ya san yadda abin ke gudana. Ma'aikaci ya zo da littafi da igiyar awo, dagaci da mai unguwa na biye, masu gonaki sun tsaya kowa a kan iyakarsa, an sa riguna masu kyau kamar ranar kasuwa. A ƙirga ɗorawa kaza, kuka kaza, tsamiya kaza, a dubi jadawalin da aka rubuto daga ofis a sa wa kowace kuɗinta, alhali ɗorawar nan ita ce kalwar da uwargida ke sayarwa kowace shekara tun tana amarya. In da rani aka zo, gona ba shuka, to, ba abin rubutawa sai itatuwan. Wanda ke noma gonar bisa aro, ko wanda ya karɓe ta jingina ya ba da kuɗinsa, ko 'yar da ke da rabonta na gado a cikin gandun da ba a raba ba, ko Bafillacen da burtalinsa ya bi ta gefen, galibi sunansu ba ya shiga littafi. In wani dattijo ya buɗe baki, sai a ce masa, Baba, ai ƙasa ta gwamnati ce, a yi haƙuri; shi kuwa ya ce, to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya koma gida. Bayan wata da watanni, wani lokaci shekaru, kuɗin su fito, sun riga sun zube daraja, a ci su a cikin bazara ɗaya.

Gaskiya ne dokar ta ce in gonar noma aka karɓe, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata a madadinta. Wannan sharaɗi mai kyau ne a takarda, kuma mai yiwuwa ya yi aiki a ƙasar da ke da daji. Amma a gundumar Minjibir ko ta Dawakin Tofa, wace gona ce ba ta da mai ita, da shugaban ƙaramar hukuma zai ɗauka ya bayar? Hukuma kuwa ba za ta ce ba ta sani ba, domin tun farkon zamanin Turawa malaman awo na En'e ta Kano suka bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya suna aunawa suna rubuta sunan mai kowace, saboda a yanka masa haraji. Wanda aka san shi da sunansa ranar karɓa, bai kamata a jahilce shi ranar biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da mizanin da ya fi wannan adalci a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, muka bar shi. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun yi babi sukutum a kan raya mataccen fili, kuma a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda babu alƙalin Kano na da da bai haddace hukunce-hukuncensa ba, an lissafa ayyukan da ke sa fili ya zama na mutum: fitar da ruwa, da gini, da dashe, da sare itatuwa, da fasa duwatsu da daidaita wuri, da kuma noma da motsa ƙasa. Watau ainihin aikin da dokar 1978 ta ce ba shi da ƙima, shi ne shari'a ta sanya sababin mallaka. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya keɓe wa wannan mas'ala littafi guda, Ta'alimur Radi, domin ya ga cewa jama'ar da aka kafa bisa adalci ba za ta zauna ba matuƙar ba a san wa ke da wace ƙasa ba, da kuma iyakar ikon sarki a kanta. Malaman nan ba su hana hukuma karɓar fili ba. Sun halatta a tilasta wa mutum ya sayar in masallacin Juma'a ya yi wa jama'a kaɗan, ko hanya ta ƙuntata, amma da sharaɗin larura ta tabbata, a kuma biya shi ƙimar irin abin da aka karɓa, ba abin da mai karɓa ya ga dama ba. Abin da ya gaza haka sunansa ƙwace, ko da wa ya yi shi.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi ya tare wurin, ya nemi ya saya Abbas ya ƙi, sai Halifa da kansa ya yarda su je gaban Ubayyu ɗan Ka'abu ya raba su. Ubayyu ya ba Abbas gaskiya, kuma sai bayan da haƙƙinsa ya tabbata a gaban shaidu ne Abbas ya ba da gidan sadaka don kansa. Masallacin Annabi ne fa ake magana, ba injin wuta ba, kuma Umar ne mai nema.

Ba na cikin masu cewa madatsun Kano ba su yi amfani ba. Wanda ya faɗi haka bai ga farin 1973 ba, ko ya manta da shi. Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina Bagauda, ya gina Tiga wadda aka gama a 1974, kuma a nan arewa hukumar ayyukan ruwa ta WRECA ta datse Tomas da Jakara da Watari da Gari, har noman rani ya zama sana'ar dubban gidajen da a da sai cin rani suke tafiya. Shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa, da ruwan da birni ke sha daga Tamburawa, duk daga madatsun nan suke. Amma tafkin Tiga ya shafe ƙasa wajen murabba'in kilomita 178, ya tashi mutane fiye da dubu goma daga gidajensu da fadamunsu da kushewun iyayensu, aka tsugunar da su a kan tudu da 'yar diyyar da ba ta sayi madadin abin da ya nutse ba, da yawansu suka watse. Su ne suka ba da jarin farko na wannan arziki, kuma yau da aka zo maganar sayar da wutar da ruwan zai haifar, ban ji an ambaci jikokinsu a cikin masu rabo ba.

Mutanen Tiga sun yi haƙuri, kuma saboda haƙurinsu aka ɗauka talakan Hausa ba ya tsayawa a kan ƙasarsa. Bakolori ta ƙaryata wannan zato. An datse Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a ƙasar da yanzu take jihar Zamfara, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin daga 1974 zuwa 1978, tafkin ya ci ƙasar Maradun, ya tashi dubban mutane; waɗanda kuma gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa aka hana su shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da manyan motoci, aka tumɓuke itatuwansu, aka shafe iyakokin da kowa ya san gonarsa da su, har da aka zo mayarwa wani ya sami ƙasa da abin da ya bayar, wani bai sami kome ba. Manoman nan ba su fara da tawaye ba. Sun kai kuka ga sarakunansu, sun kai ga hukumar kogin, sun shiga kotu, sun jira. Da jira ya ƙi ƙarewa sai suka tare hanyoyin aikin, suka hana motoci wucewa, suka ce ba mai taɓa ƙasar sai an biya. A watan Nuwamba 1979 gwamnan Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi musu alƙawarin za a share musu hawaye. A ƙarshen watan Afrilu 1980, wata bakwai kacal da komawar mulki hannun farar hula a ƙarƙashin Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Waɗanda suka bi diddigin al'amarin, har da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka ce sun haura 300. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da mutanen nan suka nema bai wuce abin da Halilu ya rubuta musu ba, kuma har yau ɗalibi zai gama sakandare a Gusau ko a Kano bai taɓa jin sunan Birnin Tudu a aji ba.

Akwai kuma waɗanda ruwa bai ci gonarsu ba, janye musu ya yi, su kuwa ko a littafin ƙidaya ba su shiga, domin doka ba ta san cewa ambaliyar shekara-shekara dukiya ce ba. Kafin Tiga, da Challawa wadda aka gama a 1992, kogin Haɗeja kan cika ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya janye ya bar wa mutane shinkafa da kifi da makiyaya da danshin shuka wake. Da aka riƙe ruwan a sama, malalar ta ragu ƙwarai, sakin da ake yi da rani kuma ya sa kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wuri ya bushe inda ake son ruwa, ya kwanta inda ba a son sa. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun auna, suka iske cewa abin da ruwa ke haifarwa in an bar shi ya malala a fadamun nan ya fi abin da yake haifarwa a filin ban-ruwa na Kano nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa mutanen Yobe suka daɗe suna tsaye a kan kada a datse kogin Jama'are a Kafin Zaki, tun da shi ne ya rage musu. Mu Kanawa ya kamata mu ji wannan magana ba tare da fushi ba, domin mu ma an yi mana irinta a cikin gida: ruwan Jakara da manoman Wasai ke ban-ruwa da shi, da dattin birni da dafin masana'antun Bompai yake isowa gare su.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Hukumar duniya da ta binciki madatsun ruwa ta ƙiyasta a rahotonta na shekarar 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 aka tasa saboda su. Amma a cikin dukkan waɗannan akwai wata ƙaramar al'umma da labarinta ya cancanci manomin Dambatta ya ji shi. Sunansu Innu, suna zaune a Labrado da gabashin Kebek a ƙasar Kanada, ƙasar ƙanƙara da dazuzzuka, mafarauta ne masu bin garken wata irin barewa mai rassan ƙaho, kuma ba su taɓa sayar da ƙasarsu ga kowa ba, ba su kuwa sa hannu a wata wasiƙar sallamawa ba. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara gina tashar lantarki a kan babban koginsu, wanda Turawa ke kira Churchill, tasha mai ƙarfin megawat fiye da 5,400, watau abin da ya kai wutar da Nijeriya duka ke rarrabawa a rana mai kyau. Tafkin da aka tara ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya haɗiye tafkin Mishikamau inda suke haɗuwa, da wuraren farautarsu, da maƙabartunsu. Ba a shawarce su ba, ba a ko sanar da su ba. Waɗansu sun dawo ne suka tarar jiragensu da tarkunansu da kayan zangonsu suna ƙarƙashin ruwa. Wutar kuwa aka ƙulla yarjejeniya a 1969 kamfanin Hydro-Québec ya riƙa sayenta da araha shekaru da dama.

Mutanen nan a Labrado 'yan dubbai ne, ba su kai jama'ar gunduma ɗaya ta Bichi ba, amma ba su bar maganar ta mutu ba. Dattawansu suka zauna da masu zana taswira, suka nuna kowane zango da kowace kushewa da kowace hanyar jirgi da sunanta, har ya zama suna da hujja a rubuce wadda kotu za ta saurara. Wata dattijuwa, Elizabeth Penashue, ta yi shekaru tana jan mutane a ƙafa cikin ƙanƙara da kuma a jirgi bisa kogin, domin yara su san ƙasar da ake magana a kanta. A watan Maris 1998, da shugabannin lardunan biyu da ƙasar Innu ke ciki, Brian Tobin da Lucien Bouchard, suka zo shelar sabon aiki a kan kogin ba tare da an tuntuɓe su ba, Innu suka tare hanya suka wargaza bikin. Daga ƙarshe hukuma ta gane cewa ba za a sake gini a kogin ba sai da su, aka ƙulla sulhu a 2008, jama'arsu suka jefa ƙuri'a suka amince da shi a 2011: diyyar tsohuwar ɓarna dalar Kanada miliyan 2 kowace shekara har 2041, da kashi 5 cikin ɗari na ribar sabuwar tashar Muskrat, da amincewa da haƙƙinsu a kan yankuna na ƙasarsu. Ba duka suka gamsu ba, ita dattijuwar nan ma ba ta fasa ƙin sabuwar madatsar ba, kuma a 2020 shugabanninsu sun kai Hydro-Québec ƙara suna neman dala biliyan 4. Shekara arba'in suka yi kafin a biya su kome, amma abin da suka samu ba kuɗin sallama ba ne na rana ɗaya, rabo ne mai gudana muddin ruwa na juya injin.

Na san za a ce Kanada mai arziki ce, kotunanta na da ƙarfi, kuma su Innu jinsi ne dabam da waɗanda suka mamaye su, alhali mu da gwamnanmu da injiniyanmu duk 'ya'yan manoma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka ne, kuma a ganina wannan ya ƙara nauyin hujjar ne a kanmu, bai rage ta ba. In har wanda baƙo ya ci ƙasarsa, wanda bai taɓa kafa garma a cikinta ba sai farauta, an yarda yana da rabo a wutar da ta fito daga gare ta, yaya za a hana wanda ya gina ƙasar da mangala, kuma ɗan'uwansa ne ke riƙe da alƙalamin? Za a kuma ce maslahar jama'a tana gaba da maslahar mutum ɗaya. Wannan ƙa'ida ce sahihiya, amma abin da take halattawa shi ne a karɓa, ba ta halatta a ƙi biya ba. In birni mai mutum miliyoyi zai sha ruwa ya ga haske, ba daidai ba ne a ɗora kuɗin wannan ni'ima a kan ƙauyuka goma waɗanda su ne mafi rauni a cikin jama'ar.

Asalin rabo mai gudana ma ba baƙo ba ne a dokokinmu. Bayan da Kainji, wadda aka gama a 1968, ta tashi mutum wajen 44,000 ta nutsar da tsohuwar Bussa, an yi shekaru ana kuka har aka yi dokar 2010 ta kafa hukumar raya yankunan da ake samar da lantarki daga ruwansu, mai hedikwata a Minna, ko da yake sai bayan shekara goma ta fara aiki, kuma Kano ba ta cikin jihohin da aka fara da su. Tun da yanzu wuta ta dawo hannun jiha, majalisar dokokin Kano na da ikon ta rubuta a doka cewa wani kaso sananne na kuɗin kowace wutar da aka sayar daga Tiga ko Challawa, ko wata madatsa da za a sa wa inji nan gaba, zai tafi ga garuruwan da aka tasa da waɗanda ke gaɓar tafkin, a hannun amintattun da su suka zaɓa, kuma layin farko na wutar ya sauka a garuruwan kafin ya nufi birni. Gwamna kuma, ba sai an gyara tsarin mulki ba, yana iya umartar ma'aikatar ƙasa ta riƙa ƙimanta gona da farashin da ake sayar da irinta a wannan gari a wannan shekara, domin dokar 1978 ta faɗi abin da ya wajaba a biya ne, ba ta haramta a kyautata ba. Inda aikin na ban-ruwa ne, mai gonar da ta nutse shi ya fi cancanta da fili a bakin kwata, kafin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Kuma a yi mushawara tun aikin yana takarda, a dandalin gari, da Hausa, a karanta wa mutane inda ruwa zai tsaya da ƙafa nawa, ba a kira dagatai ofis a sanar da su abin da aka riga aka yanke ba.

Amma ba zan ɓoye wa 'yan'uwana manoma ba cewa rabin aikin a hannunmu yake, kuma ba ya jiran gwamna. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya ratsa ta Dambatta da Kazaure, ga birni na cin gonakin Ungogo da Dawanau kowace shekara. Igiyar awo ba ta yi nisa da kowa ba. Kowane gari yana da malamin da ya iya rabon gado, da ɗalibin da ya iya riƙe waya mai nuna taswira, da tsofaffin da suka san iyakar kowace gona da wanda ya dasa kowace ɗorawa, da inda burtali ya bi, da inda tsohuwar maƙabarta take. A zauna da rani, bayan an gama sussuka, a rubuta wannan duka, da sunan mai aro da mai jingina da rabon mata, liman da dagaci da shaidu su sa hannu, a ajiye kofi ɗaya a masallaci, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a kai kotun shari'a ta yankin a buga masa hatimi.